Sonja Henie: Yarinyar da Ta Zo ta Ƙarshe, Ta Zama Gwanar Duniya

Ya ku ɗalibai, idan aka ambaci ƙanƙara a Maiduguri, abin da ke faɗo muku a rai shi ne wadda ake saye a bakin titi a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ko wadda ake jefawa cikin zoɓo da kunun aya domin buɗa baki. To, akwai ƙasashen da ba sai an sayi ƙanƙara ba. A can, idan hunturu ya kankama, ruwan tafkuna kan daskare ya zama kamar daɓe. Ku ƙaddara a ce wata safiya masunta sun tarar da Tafkin Chadi ya sandare, har sun ajiye kwalekwale suna takawa a kansa da ƙafa. Irin wannan abu ne ke faruwa kowace shekara a Norwe, wata ƙasa da ke can arewacin Turai.

A wannan darasi za ku karanta tarihin wata 'yar ƙasar, mai suna Sonja Henie. Ana furta sunan nata Sonya Heni. Ta shahara a wasan zamiya a kan ƙanƙara tun tana ƙarama. Yayin da kuke karatu, ku riƙa lura da alƙalai, domin rayuwarta duka a gaban alƙalai ta yi ta: na filin wasa da kuma na wajen fili.

Yadda wasan yake

Mai wasan zamiya yakan sa takalmi mai tsawo wanda ke kama idon sawu. A ƙarƙashin takalmin akwai wani siririn ƙarfe mai kama da wuƙa. A kan wannan ƙarfe yake tsayawa, ya yi gudu, ya yi juyi, ya yi tsalle, sa'an nan ya dira da ƙafa ɗaya. Duk wanda ya taɓa yin langa a cikinku ya san wuyar tsayuwa da ƙafa ɗaya a kan ƙasa mai tauri. To, ina ga wanda zai yi haka a kan abu mai santsi, kuma a guje?

A zamanin Sonja gasar kashi biyu ce. Kashi na farko shi ne zane. Mai wasa zai yi zamiya da ƙafa ɗaya, ya zana siffa mai kama da lamba 8 a kan ƙanƙara da ƙarfen takalminsa, sa'an nan ya sake bin sawun da ya bari ba tare da ya kauce ba. Alƙalai su kuma su sunkuya su duba zanen. Wannan kashi shi ke ɗauke da kashi 60 cikin 100 na maki. Kashi na biyu shi ne wasan zaɓi, inda mai wasa ke nuna gwanintarsa ta tsalle da juyi, ana kiɗa.

Akwai bambanci babba tsakanin wannan wasa da ƙwallon ƙafa. Idan ƙungiyar El-Kanemi Warriors ta jefa ƙwallo a raga, kowa ya gani da idonsa. A wasan zamiya kuwa babu raga, babu agogon da zai nuna wanda ya riga wani. Alƙalai ne ke ba da maki, kamar yadda ake yi a gasar muhawara tsakanin makarantu. Saboda haka adalcin alƙali shi ne ginshiƙin wasan.

Haihuwarta da tasowarta

An haifi Sonja Henie ranar 8 ga Afrilu, 1912, a babban birnin Norwe. A lokacin ana kiran birnin Kristiania, yanzu kuwa sunansa Oslo. Mahaifinta, Wilhelm Henie, attajiri ne mai sana'ar fatu masu gashi, waɗanda Turawa ke ɗinka rigunan sanyi da su. Shi kansa tsohon ɗan wasa ne, domin ya taɓa zama zakaran duniya a tseren keke a shekarar 1894. Sunan mahaifiyarta Selma, kuma tana da wa guda ɗaya mai suna Leif.

Gidan nasu gidan wasanni ne. Sonja ta iya ninƙaya da hawan doki da wasan tanis, amma zamiya a kan ƙanƙara ita ta fi kwanta mata a rai. Da mahaifinta ya lura da baiwarta, sai ya tsaya mata tsayin daka. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya ɗauko mata ƙwararrun masu horarwa, ya kuma sa aka koya mata rawar bale, wata irin rawar Turawa da ake yi a kan yatsun ƙafa. Cikin waɗanda suka koyar da ita har da Tamara Karsavina, shahararriyar mai rawa 'yar ƙasar Rasha.

Wannan gata bai zo a banza ba. Sonja ta daina zuwa makaranta kamar sauran yara, sai malamai ke koyar da ita a gida da kuma wuraren da suka je. Yawancin lokacinta a filin horo yake ƙarewa. Iyayenta suka riƙa bin ta ƙasa-ƙasa, har mahaifin ya mai da kula da al'amuranta babban aikinsa. Ku lura da wannan da kyau: baiwa tana da ita, amma dukiyar gidansu da lokacin iyayenta su suka share mata hanya.

Ta takwas cikin takwas

A watan Janairu na shekarar 1924 aka buɗe wani taron wasanni a garin Chamonix na ƙasar Faransa. Shi ne wanda daga baya aka amince da shi a matsayin gasar Olamfik ta hunturu ta farko. Mata takwas ne suka shiga wasan zamiya. Cikinsu har da Sonja, tana da shekara 11 kacal. Sauran duk sun girme ta.

An ruwaito cewa ana cikin wasa, yarinyar ta riƙa zuwa gefen fili tana tambayar mai horar da ita abin da za ta yi a gaba. Da aka tattara maki, Herma Szabo 'yar ƙasar Ostiriya ce ta ɗauki lambar zinariya. Sonja kuwa ita ce ta takwas, wato ta ƙarshe.

Da yawa daga cikinku sun san ɗacin irin wannan rana, ko a jarrabawa ko a filin wasan makaranta. Wani idan ya zo na ƙarshe sai ya yi zuciya ya bar abin gaba ɗaya. Sonja ba ta yi haka ba, sai ta koma filin horo. A gasar duniya ta 1924 ta zo ta biyar. A ta 1926, wadda aka yi a Stockholm, babban birnin Suwidin, ta zo ta biyu, Herma Szabo kaɗai ke gabanta. Cikin shekara biyu ta taso daga ƙarshen layi zuwa kusa da gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Nasarar da ta jawo gardama

A shekarar 1927 aka kawo gasar duniya ta mata birnin Oslo, wato gida. Sonja tana da shekara 14. Herma Szabo kuwa ta riga ta ci gasar sau biyar a jere, daga 1922 zuwa 1926. Alƙalai biyar ne suka zauna: uku 'yan Norwe, ɗaya Bajamushe, ɗaya kuma ɗan Ostiriya. Da aka gama, 'yan Norwe ukun suka sa Sonja a matsayi na ɗaya, sauran biyun suka sa Herma. Da rinjayen uku a kan biyu Sonja ta zama gwanar duniya.

Nan fa gardama ta tashi. Mutane da yawa suka ce son kai ne ya yi aiki, domin kowane alƙali ɗan Norwe 'yar ƙasarsa ya zaɓa. Herma Szabo ba ta sake shiga gasar mace ita kaɗai ta duniya ba. Bayan wannan rikici ne ƙungiyar wasan ta duniya, wadda aka kafa tun 1892, ta kafa doka cewa kada wata ƙasa ta ba da alƙali fiye da ɗaya a gasa guda.

Ku tsaya ku yi tunani a nan. Sonja ba ita ta zaɓi alƙalan ba, kuma yarinya ce. Duk da haka nasararta ta farko ta zo da tabo. Alƙalancin da mutane ba su yarda da shi ba yana cutar da wanda aka kayar, yana kuma rage darajar wanda ya ci. Abin da ya rage wa Sonja shi ne ta nuna wa duniya cewa za ta iya ci a ƙasar da ba tata ba, a gaban alƙalan da ba 'yan'uwanta ba.

Shekara goma ba a kayar da ita ba

Ta kuwa nuna. A watan Fabrairu na 1928 ta ci lambar zinariya a gasar Olamfik da aka yi a St. Moritz, cikin ƙasar Suwizalan, tana da shekara 15. Shekara huɗu ke nan tun ranar da ta zo ta ƙarshe. A 1932 ta sake ci a Lake Placid da ke Amurka. A duka gasannin biyu Fritzi Burger 'yar Ostiriya ce ta zo ta biyu.

Gasar duniya kuwa ta riƙe ta sau goma a jere, daga 1927 zuwa 1936. Bayan Oslo ta ci a Landan, da Budapest, da New York, da Balin, da Montreal, da Stockholm, ta sake ci a Oslo, sa'an nan Biyana, daga ƙarshe Paris. Ta kuma ci gasar nahiyar Turai sau shida a jere, daga 1931 zuwa 1936.

Mene ne sirrinta? Na farko, ta ƙware a zane, wanda shi ke da maki mafi yawa, kuma aiki ne na naci da maimaici, babu tafi a cikinsa. Na biyu, ta shigar da abin da ta koya a rawar bale cikin wasan zaɓi. Kafin zamaninta, wasan zaɓi ya fi kama da jerin motsi daban-daban. Ita kuwa ta ɗinke su wuri guda, ta sa motsin jiki ya riƙa tafiya da kiɗa. Na uku, ta sauya shigar 'yan wasa. Mata a da sukan sa dogayen tufafi masu nauyi da baƙin takalmi. Sonja ta yayata gajerun tufafi marasa nauyi da farin takalmi, kuma har yau farin takalmi mata suka fi sawa a wannan wasa.

Shahararta ta kai inda a wasu birane sai an kira 'yan sanda sun tsare taron masu son ganinta. Sai dai a wancan zamani doka ta hana ɗan wasan Olamfik karɓar kuɗi saboda wasa. An daɗe ana zargin cewa mahaifinta yana karɓar kuɗi masu yawa da sunan kuɗin tafiya da masauki, amma ba a taɓa hana ta shiga gasa saboda haka ba.

Gasar ƙarshe

A watan Fabrairu na 1936 aka yi gasar Olamfik ta hunturu a Garmisch-Partenkirchen, a ƙasar Jamus. Sonja tana da shekara 23. A wannan karo ita ce babba, ga kuma wata yarinya ta taso mata. Sunanta Cecilia Colledge, 'yar Birtaniya, mai shekara 15. Ita ma, kamar Sonja, tana da shekara 11 ta fara zuwa Olamfik, a 1932. Cecilia ta zo da sabbin tsalle da juyi masu wuya.

Bayan an gama kashin zane, tazarar da ke tsakaninsu 'yar kaɗan ce. A wasan zaɓi Cecilia tana cikin waɗanda suka fara fita, tun 'yan kallo ba su gama taruwa ba. Sonja kuwa ita ta fita daga ƙarshe. Wasu masana tarihin wasan suna ganin wannan jeri ya taimaki Sonja, domin alƙalai kan riƙe manyan maki sai can wajen ƙarshe. Ko ma dai yaya ne, Sonja ta ci zinariyarta ta uku, Cecilia ta zo ta biyu, Vivi-Anne Hultén 'yar Suwidin ta zo ta uku.

Bayan ta ci gasar duniya a Paris a wannan shekara, sai ta yi ban kwana da gasa tun ba a kayar da ita ba. A shekarar da ta biyo baya, 1937, Cecilia Colledge ce ta zama gwanar duniya. Har yau babu macen da ta kamo Sonja a yawan zinariyar Olamfik ko yawan gasar duniya a wasan mace ita kaɗai.

Dukiya da tabo

Daga nan Sonja ta nufi Amurka. Kamfanin finafinai na 20th Century Fox ya ɗauke ta, kuma fim ɗinta na farko a can, mai suna One in a Million, ya fito a ƙarshen 1936. Cikin 'yan shekaru ta shiga sahun 'yan fim mafi samun kuɗi a Hollywood. Ta kuma riƙa zagaya birane da ayarin masu wasan zamiya, mutane suna biya suna kallo. A 1938 ƙasarta ta ba ta lambar girma ta St. Olav.

Amma akwai wasu alƙalan da ba su zauna a gefen fili ba, su ne mutanen ƙasarta. A 1936, a Jamus, Sonja ta gai da Adolf Hitler da irin gaisuwar 'yan Nazi, ta miƙa hannu sama. Bayan gasar Olamfik ta amsa gayyatarsa zuwa cin abinci a gidansa na Berchtesgaden, inda ya ba ta hotonsa da sa hannunsa. Jaridun Norwe sun soke ta ƙwarai a kan haka.

Ranar 9 ga Afrilu, 1940, sojojin Hitler suka mamaye Norwe, kuma suka riƙe ta har zuwa watan Mayu na 1945. Mutane suka sha wuya, wasu aka ɗaure, wasu aka kashe, aka ƙwace gidaje da yawa. An ruwaito cewa da sojojin Jamus suka shiga gidan su Sonja, sai suka ga hoton nan na Hitler a ajiye a fili, suka fita ba su taɓa kome ba. Ita kuwa tana Amurka, ta ma zama 'yar ƙasar a 1941. Ta taimaka wa sojojin Amurka da wasanni da gudummawa, amma 'yan Norwe da yawa sun ga cewa ba ta tsaya wa ƙasar haihuwarta ba a lokacin da take cikin ƙunci. Zinariya uku ba su wanke wannan tabo ba.

Sai a 1953 ta kai wasanta Oslo, tana fargabar irin tarbar da za a yi mata. Jama'a suka cika wurin, suka yi mata tafi. Duk da haka, har yau idan ana ba da tarihinta, ana ambaton gwanintarta ana kuma ambaton gaisuwar nan.

Ƙarshen rayuwarta

Sonja ta yi aure sau uku. Mijinta na ƙarshe shi ne Niels Onstad, attajiri ɗan Norwe mai jiragen ruwa, wanda ta aura a 1956. Su biyu suka tara zane-zane masu daraja, suka gina musu gida a Høvikodden, kusa da Oslo, suka bar wa jama'a. An buɗe gidan a 1968, kuma a nan ne ake ajiye da kofuna da lambobin da ta ci. Ba ta daɗe ba bayan haka. Cutar sankarar jini ta kama ta, ta rasu ranar 12 ga Oktoba, 1969, a cikin jirgin sama, ana hanyar mai da ita Oslo daga Paris. Shekarunta 57. An binne ta a kan tudun da ke kallon gidan zane-zanen.

Wataƙila ku ce, ina ruwanmu da wasan ƙanƙara, mu da ke cikin zafi? Ku sani cewa a 2018 Nijeriya ta halarci gasar Olamfik ta hunturu a karo na farko, a PyeongChang ta Koriya ta Kudu. Mata huɗu ne suka wakilce ta a wasannin tsere a kan ƙanƙara: Seun Adigun, da Ngozi Onwumere, da Akuoma Omeoga, da Simidele Adeagbo. Ba su ci lamba ba, kamar yadda Sonja ma ba ta ci ba a zuwanta na farko.

Ya ku ɗalibai, wanda ya zo na ƙarshe a yau bai kamata ya yanke ƙauna ba, domin kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wanda kuma ya zo na ɗaya ya tuna cewa bayan alƙalan fili sun tashi, jama'a na nan suna duban wa ya gaisar, da wa ya zauna, da kuma inda ya tsaya ranar da mutanensa suka shiga wuya.

Ma'anar kalmomi

Daskare: ruwa ya yi tauri saboda tsananin sanyi.
Daɓe: ƙasan ɗaki da aka bubbuga ya yi tauri da santsi.
Zamiya: tafiya a kan abu mai santsi ba tare da ɗaga ƙafa ba.
Langa: wasan gargajiya da ake yi da ƙafa ɗaya, a riƙe ɗayar da hannu.
Baiwa: iyawa ta musamman da mutum ke tasowa da ita.
Gata: samun mai tsaya wa mutum da kula da shi.
Naci: dagewa a kan abu ba tare da gajiya ba.
Tazara: nisan da ke tsakanin abu biyu.
Tabo: alamar da rauni ya bari, a nan ana nufin abin da ya ɓata suna.
Ƙunci: matsi da wahala.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Sonja Henie, kuma a wace shekara?
2. Ku bayyana kashi biyu na gasar zamiya a zamaninta. Wanne ya fi yawan maki?
3. Mene ne matsayinta a gasar 1924, kuma shekarunta nawa a lokacin?
4. Me ya jawo gardama a gasar duniya ta 1927? Wace doka aka kafa bayan haka?
5. Ku kawo abubuwa uku da suka sa ta yi fice a kan sauran 'yan wasa.
6. Don me wasu 'yan Norwe suka yi fushi da ita?
7. Ku fito da karin magana uku daga cikin darasin, ku faɗi ma'anar kowanne.

Aikin aji

Ku kasu gida biyu ku yi muhawara a kan wannan batu: gwaninta ta fi hali muhimmanci ga ɗan wasa. Kafin ku fara, ku zaɓi alƙalai uku, kuma ku tattauna yadda za a zaɓe su domin kowane ɓangare ya yarda da hukuncinsu.

Jinga

Kowa ya rubuta sakin layi biyu a kan wata rana da ya sha kaye a gasa ko jarrabawa, da abin da ya yi bayan haka.